Yadda Robar Bawul Ta Ci Motata

Motar tsohuwa ce, ban taɓa ce wa kowa sabuwa ba ce. Hannu na uku ko na huɗu na saye ta, da kuɗin 'yar gonar da mahaifina ya bari a wajen Khaddamari, kuma da ita nake ci da gidana: ni, uwar yara, yaran, da mahaifiyata da ke zaune tare da mu. Daga Kasuwar Litinin zuwa Zabarmari, daga Zabarmari in dawo Kasuwar Litinin, mutum shida a ciki, buhuna a but da kan rufi. Ban iya wata sana'a ba. Makaranta a aji biyu na sakandare na tsaya, kuma ba wanda ke ɗaukar irinmu aikin ofis. Duk shekara abin da nake jira shi ne kakar shinkafa. A wannan ɗan tsakanin ne direban hanyar Zabarmari ke tara abin da zai rufa masa asiri har wata damina. Wanda kaka ta wuce shi, shekara ce ta wuce shi.

A shekarar da nake magana, ruwa na ɗaukewa motar ta fara hayaƙi. Ba baƙin nan na manyan motoci ba, wani shuɗi-shuɗi mai warin ƙonannen mai. Da safe in na tayar da ita sai lungunmu ya turnuƙe, maƙwabta su rufe tagogi. In mun tsaya a shingen sojoji layi ya yi tsawo, ina taka totur sai ta saki guda a fuskar wanda ke bayana. Masu keke Napep suna wucewa suna yi min daƙuwa. Baƙin mai kuwa kamar shayi take shan sa, yau ka cika, jibi ƙarfen awo ya fito a bushe. Wata mata mai sarin shinkafa, da ta daɗe tana shiga motata, ta ja lafayarta ta toshe hanci ta ce, "Direba, mu fasinja ne ko kifin banda?" Mota ta ɗauki dariya. Washegari na gan ta tana shiga motar wani.

Gareji bai ƙare a Maiduguri ba. Da na bi son raina, da wurin bare na kai ta, mu yi ciniki, in ya cuce ni in zage shi in kama gabana. Amma mahaifiyata ta ji ina maganar gyara, ta ce ina da ɗan'uwa bakanike zan kai wa wani kuɗi? Ɗan kawuna take nufi. Ubansa da ita ciki ɗaya suka fito, don haka ni da shi taubasai ne, abokan wasa tun muna yawo ba wando. Bawan gidansu yake ce min, ni in ce masa ɓarawo. In mun haɗu a biki ya fizge hulata, ni ma in fizge tasa ko in ɓoye takalminsa, sai wanda aka yi wa ya fanshi abinsa da goro. Ba maganar da ba ya faɗa min a gaban mutane, kuma ba ni da ikon ɓata rai, don duk wanda ya yi fushi da wasan taubashi shi ake wa kallon ƙaramin mutum. Uwarsa Babarbariya ce, Hausarsa da ɗan karin harshensu take fita, sai zagin ya zo da daɗi, mutane su fara dariya tun bai kai aya ba.

Na same shi a rumfarsa da hantsi, yana zaune a kan tsohuwar kujerar mota yana cin gyaɗa.

"Wushe, bawan gidanmu," ya ce, da gaisuwar Barebari. "Tun daga kwana na ji warinka. Kai ne ke ƙonewa ko motar?"

"Tashi ka duba min, ɓarawo. Ba hira na zo ba."

Ya sa na ba ta wuta, na saki, na ƙara ba ta. Ya zagaya baya ya sa yatsa a bakin salansa ya murza, ya kwance fulogi ɗaya ya nuna min shi baƙi ƙirin yana naso. Sannan ya laluba aljihu ya fito da wata 'yar roba, ba ta fi kan ɗan yatsa ba, da rami a tsakiya.

"Ka ga wannan? Bawul sil. Takwas ne a injinka, kowane bawul da tasa hular. Naka sun bushe sun tsattsage kamar ƙafar mai su. Mai yana zurarewa ta nan ya faɗa wuta, shi ne hayaƙin."

"Nawa ne?"

"Ji matsiyaci yana tambayar farashi. Roba ce fa. Abin da kake ba mai shayi a mako ya saye su duka."

"Ban da wasa. Nawa zan biya a gyara?"

Sau biyu na tambaya, kuma akwai kunnuwa a wurin. Ya watsa gyaɗa a baki ya ce, "In kaka ta yi ka kawo min rabin buhun shinkafar Zabarmari. Ita ma don kar a ce na yi wa bawa aiki kyauta ne."

Na ce rabin buhu ya yi wa ɓarawo yawa. Aka yi dariya. Na miƙa masa makulli, takardun motar suna cikin aljihunta inda suke kullum, na hau keke na koma gida da murnata. Har na gaya wa mahaifiyata ta yi gaskiya.

Da na dawo ban gane motata ba. Bonet a ɗage, an cire kan injin gaba ɗaya, abin da suke kira tob, an kifa shi a kan kwali. Notuna a cikin gwangwanin tumatir. Ramukan injin huɗu suna kallon sama, an cusa musu tsumma. Na ji kamar na shiga ɗaki na tarar ana yi wa wani nawa wankan ƙarshe.

Ya fara jera min da sufana a hannu. Gasket ɗin da ke tsakanin tob da injin ya mutu, don in aka ɗaga shi sau ɗaya ba ya komawa. Tob ɗin ya ɗan karkace da zafi, sai an kai shi wurin masu injin goge ƙarfe. Bawul ɗin kansu sun ci, sai an wasa su.

"Wannan wasawar ba irin wasanmu ba ce," ya ce. "Biya ake yi."

Sannan ya faɗi kuɗin. Ba zan rubuta adadin ba, don kuɗin yanzu ba su da fuska, abin da ya sayi buhu bana ba zai sayi rabi baɗi ba. A ranar dai, abin da ya faɗa kuɗin buhu biyar ne na gyararriyar shinkafa.

"Rabin buhu fa ka ce."

"Ni?" Ya juya ga mutanen rumfar. "Jama'a, kun taɓa jin an sauke tob a rabin buhu? Wasa nake yi maka, ɗan Gwaggo. Shekara nawa muna tare, har yau ba ka san wasa ba?"

"Na ce maka ban da wasa."

"Ai wannan ma cikin wasan yake. Robar ba ta da tsada, ban yi ƙarya ba. Ruwan rijiya ma kyauta ne, haƙar ce kuɗi. Da ka ƙarasa makaranta da ka gane."

"To mayar min da ita yadda na kawo ta. Zan ci gaba da hayaƙina."

"Mayarwa ma aiki ne. Kuma da wane gasket? Da tabarmar Gwaggo?"

Suka yi ta dariya har da mai riƙe ciki. Ni ma na washe baki, don in ban washe ba, kafin gobe duk dangi sun ji na yi fushi da taubashina a kan roba.

Na ja shi gefe inda ba kowa. Na ce na ji, na yarda da buhu biyar ɗin. Ya gyara min in hau hanya, kaka ta kusa, in riƙa kawo masa duk mako har in gama. Ya ce mai sayar da gasket ba taubashinsa ba ne, masu goge ƙarfe ma ba 'ya'yan Gwaggonsa ba ne, kuɗi hannu suke karɓa. Ya ce in ba ni da su, in kawo uwar yara jingina, ya ji ta iya miyar kuka. Ko a gefe ɗin ma sai da ya ɗaga murya wurin faɗin wannan, don na rumfa su samu rabonsu.

A garejin akwai wani dattijo mai walda, mutumin kudancin Borno, Kirista, ya daɗe a wurin har kowa Baba yake ce masa. Na je na tsuguna kusa da shi na tambaye shi a hankali ko kuɗin gaskiya ne. Ya ɗage baƙin gilashinsa ya ce shi ba bakanike ba ne, amma sauke tob ba ya araha a ko'ina. Abin da ya sani shi ne, ana faɗa wa mai mota kuɗi kafin a kwance noti, ba bayan an kwance ba. Na ce to ko wani a garejin zai karɓi aikin? Ya girgiza kai. Ba wanda ke sa hannu a aikin da wani ya buɗe, balle a rumfar maƙwabcinsa. In fitar da ita zan yi, sai na biya mai ja, na biya kuɗin buɗewa, na kwashi injin a buhu kamar kayan miya na kai wa wani, shi ma ya faɗi nasa.

Kaka ta shigo ina zaune. Da safe in na fita bakin titi sai in ga abokan sana'ata suna wucewa, motoci sun durƙusa da buhuna, suna danna min hon. Na zaga neman kuɗin. Duk wanda nake ganin zai taimaka ya ce nasa suna cikin shinkafa. A gida tukunya ta koma sau ɗaya a yini. Uwar yara sai dai ta ajiye min kwano ta koma ɗaki. Da ta yi magana da ya fi min sauƙi.

Na je wurin kawuna, uban nasa. Na same shi a ƙofar gida a kan darduma. Na zauna ƙasa na gaishe shi, na kwashe labarin duka na faɗa masa. Tun ban gama ba kafaɗunsa suke rawa.

"Rabin buhu," ya ce, yana share hawayen dariya. "Yaron nan ba ya ji. Kai kuma ka yarda?"

"Kawu, abincin gidana ne a kwance a rumfarsa."

"Ni ba na shiga tsakanin taubasai, ɗana. Yau in raba ku, gobe in gan ku kuna cin tuwo kwano ɗaya, ni in zama mugun. Je ka lallashe shi. Ka cika zafin rai, tun kana yaro haka kake. Ka gaishe min da ƙanwata."

Mahaifiyata ma da na dawo abin da ta ce ke nan, da irin nata bakin. Ba ta kama sunana, ni ne ɗanta na fari. "Kai wannan," ta ce, "kar ka ja min abin da zai raba ni da ɗan'uwana a tsufana. In ya yi maka wasa, kai ma ka yi masa. Bakinka ciwo yake?"

Da wannan na koma garejin wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Na ce yau zan nuna musu na san wasa. Rumfar a cike take, ana shan shayi, motata tana gefe, wata akuya kwance a inuwarta. Yana ganina ya miƙe ya buga rufinta da tafin hannu kamar dillali.

"Ga mai gawa ya iso. Jama'a, a taya. Wa zai sayi gawa da likkafaninta?"

Wani ya ce ya saya kofin shayi. Wani ya ce ya ƙara da burodi. Na ce albarka, motata ta fi ƙarfin masu shan shayin bashi. Aka kwashe da dariya, na ji daɗi, rabon da a yi dariya a gefena har na manta.

"To ni na taya," in ji shi. Ya faɗi wani kuɗi, ko kashi ɗaya cikin uku na darajarta bai kai ba.

"Albarka. Ɓarawo ko a mafarki bai taɓa riƙe wannan kuɗin ba."

Ya ɗan ƙara. "Ka sallama, bawa?"

"In kana da su a jikinka yanzu, na sallama."

"Ku ji fa. Sake faɗa, kunnena ɗaya ya toshe."

"Na sallama," na ce da ƙarfi, ina ware hannuwa, ina jiran ya juye aljihu a ga ba komai sai ɓawon gyaɗa.

Sai ya sa hannu a wandon aikinsa ya fito da damin kuɗi a ɗaure. Ya ɗaga yana kaɗawa a gaban hancina. Ni kuma na yi abin da nake yi da hularsa tun muna yara. Na fizge, na cusa a aljihun riga, na ja da baya. Rumfa ta kece da dariya. Ya yi kamar zai bi ni, wani ya riƙe shi, yana cewa a tare masa, bawa ya gudu da dukiyar ubangidansa. Na ce sai ka zo har gida ka fanshe su da motata a gyare.

Ina fita daga rumfar, Baba mai walda ya kira ni. Shi bai yi dariya ba.

"Ɗana, ajiye kuɗin nan kafin ka fita ƙofar nan."

"Baba, ku ba ku san wasanmu ba ne."

"Ban sani ba," ya ce. Ya sauke gilashinsa ya ci gaba da aikinsa.

Har yau ina tambayar kaina wane bakanike ne ke yawo da irin wannan damin a wandon aiki, ranar Juma'a, an shirya an ɗaure. A ranar ban tambaya ba. Na tafi gida ina jin na kayar da shi. Na ba uwar yara ta ajiye, na ce na ɗan kawu ne, zai zo da ƙafarsa yana roƙo.

Bai zo ba. Wanda ya zo shi ne mai gidan haya. Sai maganin hawan jinin mahaifiyata ya ƙare, sai aka koro yara daga makaranta. Kuɗi suna ƙarƙashin katifa a gidan da ba a ɗora tukunya ba. Duk wanda ya ce shi ba zai taɓa ba, ko bai taɓa jin yunwa ba, ko maƙaryaci ne. Na ce a ɗebi kaɗan, in mota ta tashi kwana nawa ne a mayar. Aka ɗiba. Aka sake ɗiba.

Da na ga shirun ya yi yawa na koma. Tun daga bakin gareji na ji ƙarar injin da na sani kamar muryar 'ya'yana. Motata ce a tsaye a gaban rumfa, an rufe bonet, an wanke ta, tana aiki a hankali ba ko tari. Aikin da aka ce sai an kai nan an kai can, ga shi an gama. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Na ce a raina ashe duk jan rai ne, ashe mahaifiyata ta fi ni sanin nata. Na ƙarasa ina dariya tun daga nesa, na buɗe ƙofar direba.

"Ina za ka da motar mutane?" in ji shi.

Na ci gaba da dariya. Shi bai yi ba. Ya zagayo ya zare makullin ya sa a aljihu.

Maganar ta kai gaban shugaban garejin, wani Alhaji mai sayar da kayan gyara, aka kira waɗanda ke wurin ranar Juma'a. Alhaji bai ɗaga murya ba, tambaya kawai yake yi.

"Malam, an taya motarka?"

"Wasa ake yi, Alhaji."

"Ka ce ka sallama?"

"Na faɗa. Amma kowa a nan ya san tsakanina da shi."

"Sau nawa ya faɗa?" ya tambayi jama'a. Suka ce sau biyu. Su ne dai mutanen da suka taya ta kofin shayi.

"Kuɗi sun shiga hannunka?"

"Fizgewa na yi. Taubashina ne, haka muke yi."

"Sun kwana a gidanka?"

Na ce sun kwana.

"Suna nan yadda ka ɗauke su?"

Na ce an taɓa su. Wannan ya ishi kowa.

Na juya ga ɗan kawuna. Ban ce masa ɓarawo ba, don in na faɗa a ranar dariya za su yi. Na ce, "Da ka ce rabin buhu, wasa ne. Da na ce na sallama, ba wasa ba ne. Wa ke raba wasan da gaskiyar? Kai kaɗai?"

"Nawa baki ne kawai," ya ce. "Naka da kuɗi a hannu. Ka taɓa ganin an biya haya da kuɗin wasa?"

Ban san wa ya gaya masa maganar haya ba. Ina zargin mahaifiyata, cikin hira, ba da nufin komai ba.

Alhaji ya ce a kasuwa in an taya, an sallama, kuɗi sun canja hannu a gaban shaidu, ciniki ya faɗa, ko da dariya aka yi shi. Amma tunda 'yan'uwa ne, a sassauta. Ɗan kawuna ya ce shi mai sauƙi ne. In dawo masa da kuɗinsa cif, in haɗa da na gyara, buhu biyar ɗin nan, kafin Juma'a mai zuwa, in ɗauki abata. Kowa ya ce ya kyauta. Mutumin da ya kasa kawo biyar, an ce ya kawo biyar da ƙari, kuma an ce an kyauta masa.

Kafin in tafi na tambaye shi abu ɗaya. Na ce tob ɗin wurin wa aka kai aka goge?

"Da na sake dubawa da kyau, ashe lafiyarsa ƙalau," ya ce. "Bawul ɗin ma ba su ci sosai ba. Roba da gasket kawai na sa. Allah ya rufa asiri."

"To buhu biyar ɗin na mene ne?"

"Na ranar da na faɗa ne. Ai ba ka biya ba, me ya dame ka?"

Juma'a ta zo ta wuce. Na yi maganar kotu a gida sau ɗaya. Mahaifiyata ta ce in zan kai ɗan ɗan'uwanta gaban alƙali, in jira sai an binne ta tukuna, ba za ta daɗe ba. Uwar yara ta kalle ni, na kalle ta. Ragowar kuɗin muka ci gaba da ci, tunda yanzu namu ne.

Ba a jima ba ya zo gidan da kansa, cikin motar, sanye da farar shadda, ya kawo wa Gwaggonsa goro da turaren wuta. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta. Ya ce shi ba ya iya barci yana ganin ɗan'uwansa a zaune ana kaka. Motar tana buƙatar direba, kuma ba wanda ya san halinta kamar ni. In riƙa ja, kullum da yamma in kawo masa balas, wato kuɗin da zai yanka min, abin da ya ragu nawa ne. Mahaifiyata ta ɗaga hannu ta yi ta sa masa albarka. Ta juyo ta ce, "Kai wannan, ba za ka yi godiya ba?"

Na yi godiya. Na karɓi makullin.

Na ja ta a wutsiyar kaka, lokacin da manyan lodin sun riga sun wuce, sai tsince-tsince. Balas ɗin da ya yanka ba ruwansa da ranar samu ko ranar rashi. Akwai ranakun da na kai masa duk abin da na samu, na dawo gida da hannu biyu. A tasha abokan sana'a suna cewa Allah ya sanya alheri, mota ta dawo sabuwa. Waɗanda suka san labarin su ne suka fi ɗaga murya wurin faɗa.

Da shinkafa ta ƙare a gonaki, ya aiko in kai motar gareji da safe. Na tarar da shi tare da wani mutum daga Khaddamari, mai babbar riga, mutumin ya shiga zagaya motar yana dukan taya da ƙafa. Mai saye ne. Kuɗin da na ji suna ambata su ne ainihin kuɗinta.

"Ga direbanta," in ji ɗan kawuna. "Ya fi ni saninta. Ɗauke shi ku zaga, ya ji injin."

Na ɗauki mutumin muka hau titi. Na bi da shi ta wajen Kasuwar Litinin inda cunkoso yake, don ya ga ba ta zafi, sannan na fita inda hanya ta buɗe na taka ta. Yana ta gyaɗa kai. Mutumin kirki ne, ya tambaye ni iyali, ya ce ɗansa ne zai riƙa ja, ya gama makaranta ba aiki.

"Tsakaninka da Allah, Malam, injin nan ba shi da wata matsala?"

Na yi tunanin in ce masa yana da ita. Amma ba shi da ita, kuma mutumin bai yi min komai ba.

"Lafiyarsa ƙalau. Kwanan nan aka canja bawul sil."

"Ai wannan ƙaramin aiki ne," ya ce.

"Ƙarami ne."

Muka koma. Suka shiga rumfa suka gama, suka fito suna musabaha. Na cire carbina daga jikin madubi, na jawo butata daga ƙarƙashin kujera, na miƙa wa mutumin makulli. Ɗan kawuna ya kira ni gefe ya danƙa min wani abu a tafin hannu, ya ce la'adata ce, tunda da bakina aka yi cinikin. Sai da na kai bakin titi na buɗe hannun. Ya isa kuɗin keke zuwa gida, har da ɗan canji. Na tsayar da keke na hau.